Sarkin Gefe da Kifaffiyar Dalarsa

Duk wanda ya ce garinmu Pike Ferry bai taɓa fitar da babban mutum ba, to bai taɓa ganin Orval Zastrow yana saukowa ɗakin ƙasa na cocinmu ranar Talata ba. Sauran jama'a saukowa kawai suke yi. Shi kuwa sai ya tsaya a matakalar farko ya gyara wuyan riga, ya bari mu ƙare masa kallo tukuna, sannan ya fara takowa a hankali, jakar fata a hannun dama, ɗan madubin duba kuɗi yana lilo a ƙirjinsa kamar lambar yabon soja. Ni ne nake tarbarsa a ƙasa in karɓi jakar. Babu wanda ya ɗora mini wannan aiki. Ni na ga ya dace da ni, kuma ba a taɓa samun wanda ya yi mini takara ba.

Shi ne shugaban Ƙungiyar Masu Tara Sulalla ta Pike Ferry da Kewaye. Wannan "da Kewaye" ƙarinsa ne, saboda Harlan Pautz, tsohon mahaucin garinmu, yana zaune gaba kaɗan da gidan man da ke ƙarshen gari. Mu tara ne, in gwiwar kowa ta bar shi ya fito. Kafin ya yi ritaya Orval mataimakin shugaban makarantar sakandare ne, kuma a mataimakin ya tsufa. Shugabanni suka yi ta zuwa suna wucewa ta kansa, kowanne aka kawo sai ya bi mutane yana gaya musu a asirce cewa shi aka fara yi wa tayin kujerar ya ƙi. Mai gudun duniya irin wannan ai dole Allah ya saka masa da wani abu. Sai ya saka masa da mu.

Mu ɗin ma bari in faɗi ko su wane ne, tun kafin wani ya riga ni. Tsofaffi ne da muka yi rayuwarmu lafiya lau, muka yi aiki, muka biya haraji, 'ya'ya suka girma suka watse manyan birane, sai muka wayi gari muna taɓa kuɗin cefane da farar safar hannu. Ba ma riƙe kuɗi sai ta baki-baki. Ba ma numfashi a kansa. Wanda ya goge kwabo don ya yi ƙyalli, a wurinmu gara wanda ya yi sata a coci, don shi ana iya yafe masa. Muna iya yin sa'a guda muna gardama a kan ɗigon da ba a ganinsa sai da madubi, kofi ya huce, kek ya bushe, mu tashi kowa yana jin ya yi wa duniya aiki.

Shugabancin ƙungiyarmu ba da daɗin baki ake samunsa ba. Al'adarmu tun kafuwa ita ce, a watan Nuwamba, Juma'ar da ke gaban buɗe farautar barewa, mu haɗu a gidan soya kifi na bakin tafki. In an ci an sha, sai a shimfiɗa koren karan-miski a tebur, kowa ya ajiye mafi darajar abin da ya tsinta a shekarar, ya rufe da hankici. Sai a yaye lokaci ɗaya, a zagaya a duba, a jefa ƙuri'a a cikin hula. Wanda tsintuwarsa ta ci shi ne shugaba, shi zai tafi gida da 'yar gudumar katakon da ake buga tebur da ita. Gudumar nan ta daɗe a gidan Orval har marigayiya matarsa takan ce ita da gudumar ba ta san wadda ta riga shiga gidan ba. Kada a ɗauka katako ne kawai a wurinsa. Duk tsawon rayuwarsa, wannan ce kaɗai kujerar da ya zauna a kai ba a rubuta "mataimaki" a jikinta ba.

A farkon shekarar 2007 gwamnati ta fito da sabuwar dalar ƙarfe, ruwan zinariya, da kan shugaban ƙasa na farko a gabanta. Mutanen gari ba su kula ta ba. In mai kanti ya ba ka ita canji, har haƙuri yake ba ka. Amma an yi mata abin da ba mu saba gani ba: shekararta, da alamar gidan da ya buga ta, da kalmar nan ta dogaro ga Allah, duk ba a fuska aka sa su ba. A gefe aka zana su, kewaye da bakinta, daidai inda yatsa yake riƙewa.

Wata Talata Orval ya sauko matakala ba tare da ya tsaya gyaran wuyan riga ba. Nan muka san an yi wani abu. Ya ƙi ba ni jakar. Ya buga guduma, ko da yake babu mai magana.

"'Yan'uwa masana," in ji shi, "da kuma ke, Uwargida Hovland."

Verna Hovland ita kaɗai ce mace a cikinmu, tsohuwar malamar koyar da fiyano. Mijinta ne ɗan ƙungiya. Da ya rasu ta zo ta sayar da tarinsa, ta zauna taro ɗaya, sai ta fasa sayarwa. Orval bai taɓa yafe mata wannan zama ba.

"Jahili fuskar kuɗi yake kallo," ya ci gaba. "Mai ɗan karatu yakan juya ya ga baya. Amma a ƙasar nan mai faɗi, mutum nawa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi gefe lafiyarsa? Ni na tsaya. Ku matso, amma kada wanda ya yi numfashi."

Muka matso muka riƙe numfashi, mu takwas, har da mai ciwon asma. Ya kwantar da dala, kan shugaban ƙasa yana sama, ya ce mu sunkuya mu karanta gefen. Rubutun a miƙe yake. Ya fito da ta biyu ya kwantar da ita haka nan. Wannan kuwa rubutunta a kife, haruffa sun ɗaga ƙafafu sama.

"Kun gani? Injin gwamnati ya yi tuntuɓe, idona ya kama shi. Nan gaba littattafai za su kira ta Kifaffiyar Zastrow. Ban nemi haka ba, kun san halina. Amma ba zan hana tarihi aikinsa ba."

Ni na fara tafi, da safar hannuna, sai ya fito kamar ana kakkaɓe matashi.

"Kai, Mataimaki!" in ji Harlan, wanda shi kaɗai yake da ƙarfin halin kiran sa haka. "Ashe kai ne Sarkin Gefe! Mu muna nan muna ta wahala da tsakiya."

Harlan tsiya yake yi, kowa ya ji. Orval kuwa naɗi ya ji. Kafin wata ya ƙare ya sa an buga masa ƙananan katuna da sunan a jiki, yana raba wa mutane a bakin coci, har da likitan da ke duba masa hawan jini.

Taro na gaba Verna ta zo da jarida a naɗe cikin jakar saƙarta.

"Orval, an ce ba kuskure ba ne fa," ta ce da muryar nan tata ta lallashin yara. "Masu buga kuɗin da kansu suka faɗa. Gaba da baya ake bugawa tukuna, sai a zuba su cikin injin rubutu, kowacce yadda ta faɗa haka ake zana ta. Rabi a miƙe, rabi a kife."

Sarkin Gefe ya cire tabarau, ya yi mata murmushin da yake yi wa iyayen yaran da suka faɗi jarrabawa.

"Uwargida Hovland, ke da kika tsufa kina biyan haraji, yaushe kika taɓa jin gwamnati ta ce ta yi kuskure? Wannan musun da suka yi shi ne shaidata. Da sun yi shiru, da na yi shakka."

Muka gyaɗa kai gaba ɗaya. Kada a ce tsoronsa muke ji, ko kuwa ƙwaƙwalwarmu ce ta tsufa. Dalilinmu ya fi haka kyau. Tun ranar da ya nuna mana dalar nan, kowannenmu ya koma gida ya kwana da lissafi guda: in wannan abu ya yi tsada, to ai gara in riga sauran.

Ni dai washegari na shiga mota. Ban je bankin garinmu ba, don 'yar ƙanwar Harlan ce take zama a kantar biyan kuɗi, kuma bakinta ba ya rufuwa. Na wuce gari na gaba, na sa hula har gira, na ce a ba ni sababbin daloli a ƙunshinsu na takarda. Ina fitowa aljihuna suna jan wandona ƙasa, sai ga Harlan yana kulle motarsa. Muka yi cirko-cirko a bakin banki.

"A'a, Norbert! Me ya kawo ka nan?"

"Likitan haƙori," na ce.

Harlan, wanda haƙoransa a kofi suke kwana tun ina da sauran gashi, ya ce, "To madalla. Ni ma."

Na isa gida na kulle kaina a garejin mota, na sa safa, na warware ƙunshin farko. Ta farko a miƙe. Ta biyu a kife. Ta uku a kife! Na warware na biyu, na warware na uku. Kusan rabinsu duk a kife. Mai hankali da ya ga haka sai ya ce ashe Verna ta yi gaskiya. Ni kuwa cewa na yi Allah ne ya dube ni. Abin da Sarkin Gefe ya sami ɗaya tak yake ta buga kati a kai, ga shi ni an zubo mini da kwando. Na ɗura su cikin safunan ƙafa na sanyi, na tura can ƙarshen aljihun tebur, na fito na ci abincin rana ina kallon matata Arlyss da tausayi, don ba ta san da attajiri take zaune ba.

Daga nan taronmu ya zama abin kallo. Sarkin Gefe yana ta bayani a kan ƙarancin Kifaffiyar Zastrow, wai in an sami goma a jihar nan an yi sa'a, mu kuma muna ta "ƙwarai kuwa, Shugaba", kowa yana murmushi a cikinsa. Kowa yana tausayin na kusa da shi. Ba a taɓa samun lokacin da muka yi wa juna ladabi kamar bazarar nan ba. Har kek muke miƙa wa juna da hannu biyu.

Ana haka Verna ta zo da tata tsintuwar. A canjin kantin zare aka ba ta. Dala ce irin wannan ɗin, amma gefenta sumul, babu ko harafi ɗaya. Ta tsallake injin rubutu gaba ɗaya. Wannan kam kuskure ne na gaske, har su masu bugawar ba su musa ba. Orval ya leƙa ta sau ɗaya.

"Bari in fahimta," in ji shi, yana kaɗa madubi a yatsa. "Ni na kawo muku rubutu, ita ta kawo muku rashin rubutu. Wato abin da za mu taru mu duba shi ne abin da babu. Sannan ina tunatar da ƙungiya a kan wane gini muke zaune a ƙarƙashinsa. Dalar da aka share sunan Allah daga jikinta, ita za a shigo mana da ita coci?"

"Taka ai da sunan a jiki," Verna ta ce tana mayar da tata cikin 'yar jaka. "Sai dai kansa a ƙasa."

Harlan ya yi dariya har sai da ya riƙe haƙoransa.

A ranar Sarkin Gefe ya hau matakala ba tare da ya jira an buɗe masa ƙofa ba. Ya gane guduma tana shirin suɓuce masa. Don haka ya yi abin da duk babban masani yake yi in ya tsorata: ya aika da dalarsa wani kamfani na can nesa, masu tantance kuɗi, waɗanda suke duba shi su ba shi daraja su rufe shi a cikin gidan roba mai tauri, wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. A wurinmu kuɗin da ya shiga gidan roba ya gama hawa. Hannu ba ya ƙara taɓa shi, iska ba ta ƙara shafar sa. Da ta dawo bai nuna wa kowa ba. Ya ce sai ranar kifi.

Ni ma ina nawa shirin. Ban yi niyyar karɓe masa guduma ba, Allah ya sani, amma na ce in jama'a suka matsa, wane ne ni in ƙi. Saura mako guda na buɗe aljihun tebur na ga safuna a nannaɗe, wankakku, babu nauyi.

"Arlyss! Ina kuɗin da ke cikin safuna?"

"Waɗannan 'yan ƙarafan? Na zuba su a asusun gyaran rufin coci. Fasto ya ce a gode maka. Ka ga yanzu sai ka sami abin sawa a ƙafa, sanyi ya kusa."

"Duka?"

"Akwai ɗaya a kicin. Da ita na buɗe gwangwanin fenti."

Na same ta a kan tagar kicin. A kife take, alhamdu lillahi, amma murfin gwangwani ya ɗan cije ta a baki, ga kuma ɗigon shuɗin fenti ya maƙale a cikin cizon. Gogewa haramun ce, na riga na faɗa. Na zauna na yi baƙin ciki na gaske, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka sace mini mota. Sannan na lallashi kaina cewa abu mai wuyar samu ko da tabo ai mai wuyar samu ne.

Ranar Juma'ar ƙanƙara ta fara sauka tun la'asar. Muka ci kifi da soyayyen dankali da kabeji, ba mai kallon idon wani. Aka kwashe faranti, sai kwanon kabejin Harlan da ya ce bai gama ba. Aka shimfiɗa karan-miski. Kowa ya juya baya ya ciro abinsa, ya ajiye ya rufe. Sarkin Gefe ya miƙe cikin baƙar kwat ɗin da ya sa ranar binne matarsa, ya buga guduma.

"A yaye."

Muka yaye.

Ban da ta Verna da ta Orval, daloli bakwai ne a kan tebur, ruwan zinariya, kowacce kan shugaban ƙasa yana sama, kowacce rubutunta a kife. Na kalli na damana, shi yana kallon na damansa. Mai ciwon asma ya laluba aljihu yana neman maganinsa. Wata takwas kowannenmu yana kwana a kan taska, ashe kowa yana da irinta a safa. Kunyar da na ji a lokacin har cikin kunnuwana.

"Norbert," in ji Harlan a hankali, "ashe likitan haƙorin nan namu kowa yana zuwa wurinsa."

Amma babban mutum ba a banza ake kiran sa babba ba. Orval ya ja numfashi, ya buɗe hannuwa kamar mai sa albarka.

"Abin da nake gani a nan," in ji shi, "shi ne amfanin koyarwa. Ɗalibai bakwai sun bi sawun malaminsu, kuma ina alfahari da ku. Sai dai waɗannan 'ya'ya ne. Uwar ɗaya ce, ita ce ta farko, kuma ita kaɗai masana suka sa wa hannu."

Ya ɗaga gidan robar sama, yana ƙyalli a hasken fitila. Aka miƙa shi hannu zuwa hannu. Ga kan shugaban ƙasa tas, ga baya tas. A 'yar takardar da ke sama an rubuta cewa dala ce, ta shekara kaza, lafiyarta ƙalau. Ba a ce komai game da kifewa ba. Da ya iso wurin Verna ta juya shi nan, ta juya shi can, ta kai shi kusa da tabarau.

"Orval, ina gefen?"

Farar robar da ke ciki ta rungume dalar ta ko'ina, ta haɗiye bakinta ɗungurungum. Gaba ana gani, baya ana gani. Abu ɗaya da Sarkin Gefe ya gina sarautarsa a kai, shi ya biya aka rufe masa.

"Yana ciki," ya ce. "A kife yake. Kun gani da idonku a watan Maris."

"Mun ga wata dai," in ji Verna.

"Abin da masana suka rufe ba a buɗe shi, Uwargida Hovland. Wannan ko sabon shiga ya sani."

"To mu roba za mu zaɓa, Mataimaki?" Harlan ya ce da kabeji a baki. "In roba ce, ina da murfin bokiti a mota, bari in ɗauko."

Na ga fuskar Orval ta yi ja har saman kai. Ya kalli gidan robar, ya kalli hular ƙuri'a, ya kalli guduma. In ya bar ta a rufe babu shaida. In ya fasa, darajar da ya saya ta tafi. Ya ajiye robar a tsakiyar tebur, ya ɗaga guduma da hannu biyu. Verna ta miƙa hannu ta ɗauke dalarta, don ita ta yi renon yara, ta san abin da ke biyo bayan irin wannan fuska.

Bugun farko cokula ne kawai suka yi tsalle. A na biyu komai ya saki lokaci ɗaya. Roba ta tsage, kan guduma ya fice ya faɗa cikin kwanon kabeji, ƙafar tebur ta lanƙwashe, karan-miski ya zame, dalolin duk suka gangaro suka taru a wuri ɗaya a kan cinyar mai ciwon asma. Aka tattara su aka mayar kan tebur. Takwas ne yanzu, babu mai bambanta wata da wata.

Sarkin Gefe yana tsaye da ƙotar guduma a hannu. Da wani ne, da ya zauna. Shi kuwa sai ya ajiye ƙotar, ya gyara wuyan riga, ya sa farar safa yatsa bayan yatsa.

"Kada kowa ya damu," in ji shi. "Uba ba ya ɓata ɗansa a cikin taro. Ko cikin dubu aka jefa ta, idon nan zai fito da ita."

Ya manna madubi a ido ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Masu cin kifi na sauran tebura suka juyo da kujerunsu. Can sai ya miƙe, ya ɗaga ɗaya sama tsakanin yatsu biyu.

"Ga ta. Ku dubi wannan ɗan tabo a bakinta. Nan ne injin ya cije ta lokacin da ya yi tuntuɓe, tabon haihuwa ke nan. Ku kuma dubi wannan shuɗi-shuɗi da ya fara fitowa a cikinsa. Launin tsufa ne, wanda sai kuɗi mai asali yake yi. Wasu sukan jira shekara ɗari kafin su gan shi."

Na san shuɗin nan. Kullum da safe ina ganin sa a ƙofar kicin ɗinmu. Na buɗe baki, sai na ga kwat ɗin ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya ba ni tausayi, har ga Allah. Na mayar da bakina na rufe. Saboda sabo kuma, hannuwana suka yi tafi sau biyu kafin in kama su.

Aka zagaya da hula. Verna ta sami takwas, Sarkin Gefe ya sami ɗaya. Harlan ya tsamo kan guduma daga cikin kabeji, ya goge a wando, ya haɗa da ƙotar ya miƙa wa sabuwar shugaba. Ta sa su cikin jakar saƙarta ta ce tana da gam a gida. Jakar da ɗan nauyi, ga ƙanƙara a waje, ga ta mace mai shekaru. Ban san lokacin da ta hau kafaɗata ba.

A wurin ajiye motoci na iske Orval yana kankare gilashin motarsa da ɗaya daga cikin katunan nan nasa. Ya gan ni, ya kira ni da yatsa kamar yadda yake kiran ɗalibai.

"Norbert, ka san ni ba na zaɓen kaina, ba girmana ba ne. Ga Uwargida Hovland na jefa tawa, don a ƙarfafa mata gwiwa. Saboda haka ƙuri'ar nan ɗaya, na san mai ita." Ya dafa kafaɗata, wadda babu jaka a kanta. "A cikin tara, mutum ɗaya ne ya san gaskiya ya tsaya a kanta. Na gode."

Ya kalle ni, na kalle shi. Shi ya san hannun da ya rubuta ƙuri'ar nan, ni ma na sani.

"Haba, Shugaba," na ce, "ai ba komai."

Ya ciro hankici daga aljihun ƙirji, ya warware, ya ɗora mini dalar a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kanta.

"Amana ce. Ƙungiyar nan ba ta cancance ta ba. Ka adana ta inda hannun jahili ba zai kai ba. In ta Allah ta kasance a kaina, ka kai ta gidan tarihi na jiha, ka tsaya a kansu sai sun rubuta sunana daidai. Zastrow, ba Zastro ba."

Haka na koma gida da dalata, ladan ƙuri'ar da ban jefa ba. Kifaffiyar Zastrow tana nan a kan tagar kicin, inda na same ta. Arlyss ta fara fentin ɗakin baƙi, kuma ta ce duk cikin abin da na tara a rayuwata, wannan ce kaɗai ta taɓa buɗe wani abu.